Yadda Za Ka Zama Jikan Kyaftin Ko da Takardu Sun Ƙi

Shekara ashirin da biyu na yi ina rubuta sanarwar rasuwa a jarida a nan garin Popayán, ban taɓa binne wanda ba jikan kyaftin ba. Bi matakan nan biyar. Kafin wata ya kama, kai ma ka zama.

1. Zaɓi kakan tukuna

Kada ka fara da bincike. Nemi kakan da ya yi maka, hujja ta biyo baya. Doña Herminia Valderrueda, mai shekara saba'in da ɗaya, ta zaɓi Kyaftin Íñigo de Valderrueda, wanda ya zo daga Sifen a 1598. Bukatarta ɗaya ce: ƙungiyar zuriyar mazaunan farko ta karɓe ta, ta samu kujera a sahun gaba ranar bikin gari. Ta gaji da tsayuwa bayan igiyar da ake tare 'yan kallo da ita.

2. Kada ka aiki mai karanta komai

Nan ta yi kuskure. Ta tura ƙanenta Nicanor ɗakin ajiyar takardun coci. Shekara talatin ya yi yana sayar da magani, har ƙananan rubutun jikin kwalba ba ya tsallakewa. Irin wannan ba a tura shi neman asali.

3. San cewa littafin biyu ne

Limaman coci na zamanin da suna ajiye littafin baftisma biyu, ɗaya na Sifaniyawa, ɗaya na sauran jama'a. Barorin gida kuma sunan maigida suke ɗauka. Nicanor ya samu Baltasar Valderrueda a kowanne. Na farko ɗan kyaftin ne, an haife shi a 1604, littafin jana'iza kuma ya nuna bai daɗe ba. Na biyu ɗan mai dafa abincin gidan ne. Ya girma yana jigilar kaya da alfadarai, ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya.

Nicanor ya tarar da yayarsa tana shan kofi.

"Yaya, na kyaftin ɗin kwana arba'in ya yi a duniya."

"To, sai me?"

"Jariri fa. Yaushe ya yi aure?"

"Kai tun kana yaro ka cika bin diddigi. Mama ta ce mu jinin kyaftin ne. Ka fi Mama sani?"

"Mama ta ce Baba likita ne."

"Ba ya cire haƙori?"

4. Sasanta takardun

Takardun da suka saɓa kamar 'yan'uwa ne a rabon gado: ba kowa nasa, a zauna lafiya. Ɗauki haihuwa daga littafin farko, ɗauki 'ya'ya daga na biyu. Littafin jana'iza kuwa, ka ce gara ta taɓa shi, limamin ma ya tsufa, ba ya gani sosai. Wasiyya ta ambaci alfadarai bakwai? Rubuta "dabbobin hawa". Mai karatu da kansa zai ɗora wa kakanka sirdi da takobi.

Ka tuna, takarda ba ta ƙarya, amma tana jin lallashi.

5. Miƙa, ka kama bakinka

Herminia ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta kai takardun wurin Don Evaristo, sakataren ƙungiyar. A hanya ta gargaɗi ƙanenta sau uku. Ana zama ya kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, akwai wata takarda da ba mu haɗa ba."

Ta taka masa ƙafa. Ta riga ta hango igiyar nan. Don Evaristo ko kai bai ɗaga ba.

"Ta kwana arba'in ɗin?"

Nicanor ya gyaɗa kai.

"Ku ne gida na goma sha huɗu da jaririn nan ya haifa. Ni ma ta wurinsa na shigo." Ya buga hatimi. "Barka da zuwa, 'yar'uwa."

An ba ta kujera a sahun gaba, wanda bana ya kai layi tara. Tana na takwas.

Sanarwa

Marubuci ba ya ɗaukar alhakin gabar dangi, ko ƙafar da aka taka, ko mai sayar da gawayi da zai tare ka a kasuwa ya kira ka ɗan'uwa, da hujja a hannunsa. Mai ƙorafi ya kai wa Baltasar, ko wanne ya samu.