Sakamakon Binciken Yana Cikin Kyanwa

Yau a kan haɗama zan yi magana, irin wadda ba ta barin ko abincin ɓera.

Bara aka yi mini aikin gwaiwa. Likita ya ɗinka mini wata ragar roba a mara, ya ce ita za ta riƙe wurin. Na ji daɗinta, har na koma ɗaukar jikoki. Sai maƙwabcina tela ya ji a rediyo wai ana binciken ko irin wannan roba tana jawo ciwon daji. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Dattijo, wa za ka bar wa kekenka?" Tun ranar mai ɗakina take dubana kamar wanda ya ɗaure kayan tafiya.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san hanyar ofis. Na sa hula na tafi wurin masu binciken, in ji ko a cire ragar ko a bar ta.

Masinja ne ya fara yi mini bayani. Ya ce an sa wa ɓeraye gutsuren robar a ƙarƙashin fata, a yi ta ciyar da su ana dubawa ko ƙari zai fito. Na ce madalla, a nuna mini su, ai 'yan'uwana ne. Ya buɗe ɗaki. Keji ga su nan jere, kowanne da huji, babu ko wutsiya. Ashe shugaban wurin, Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, yana kiwon kaji, kuma buhunan abincin ɓerayen gidansa suke sauka. Da yunwa ta ishi bayin Allah suka ci keji suka haye silin.

Aka shigar da ni wurin Mai Girma. Na ce, "Ranka ya daɗe, robar nan ta cikina, kashe ni za ta yi?"

Ya ɗaga yatsa sama. "Baba, saurara." Muka yi shiru. Silin ya ɗauki gudu, dididi. "Ka ji? Mai ciwon daji yana irin wannan gudu?"

Na ce, "Allah ya ƙara ilimi. Waɗanda ba sa gudun fa?"

Ya ce waɗannan ba su kawo ƙara ba.

Da na koma jin ƙarshen zance, na tarar ɓerayen sun sauko neman haƙƙinsu, shi kuma Mai Girma, don tsabar hikima, ya kawo kyanwa. Ta cinye binciken kaf. Da manyan da ke sama da shi suka zo ganin ɓeraye, ita aka nuna musu tana lasar baki.

Likitana ya ce in kwantar da hankali, in riƙa zuwa yana dubawa. Ina zuwa. Amma kowace safiya sai na biya ofishin na gaida kyanwa, na shafa cikinta. Mai ɗakina ba ta ɗora tukunya sai na dawo na ce kyanwa ta tashi lafiya.

Shi kuwa Mai Girma, ga abin da ya rasa tun daga saukowar ɓerayen: wayoyin motarsa, soson kujerarsa, takardar shaidar da ya rataya a bango, sannan kujerar ita kanta. Kajin ma da aka yanke musu buhu sun daina ƙwai. Kyanwar ce kaɗai aka bari a bakin aiki, kuma tela ya ce ta fi shi zuwa da wuri.