Abin Kunne Mai Araha a Gidan Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da abin kunnen jin rediyo da na fara saye a duniya ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Yau duk wanda ka gamu da shi a titin Tawa, daga ɗan kabu-kabu har mai tallan goro, kunnensa a toshe yake, kuma ba mai ganin laifinsa. In ya lalace a jefar, a sayi wani. A farkon shekarun samun ƴancin kai ba haka abin yake ba. Ana iya ƙirga rediyon da ke unguwa da yatsun hannu ɗaya, kuma wanda ya mallake shi ba shi kaɗai ya mallaka ba. Da rediyon ya yi tari, maƙwabta sun shigo da tabarminsu.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga yawo ba. Na yi shekaru tsakanin Kumasi da Abijan, na yi dako, na yi tallan agogo, na tsinci Faransancin kasuwa da ɗan harshen Asante da Julanci, ga Buzancin da na taso da shi. Na dawo da akwatin ƙarfe, da tabarau, da ɗan rediyo mai rigar fata da nake ratayawa a kafaɗa ko ina za ni. Na kuma dawo da wata cuta: ba a maganar komai a gabana ban ce "ai a Kumasi" ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne pil, duwatsun nan da ke ba rediyo rai. Mutum goma sha biyar su zauna su sha labarai da kiɗan gurmi, su tashi su yi mini godiya, ni kuwa in tafi sayen pil. A Abijan na ga wani komi, wato akawun ofis, yana cusa wani ɗan abu a kunne, ekuter suke ce masa, yana jin rediyonsa shi kaɗai, ya ce mini pil ɗinsa na yin wata bai mutu ba. A can ba wanda ya ko kalle shi, kowa na ta kansa. Na ce nima abin da zan yi ke nan. (Ban tsaya na tuna cewa Tawa ba Abijan ba ce.)

Ran Lahadi, ranar kasuwa, na je rumfar Ladan, wani Basakkwace mai gyaran rediyo da agogo. Ya fito mini da iri uku. Na farko a cikin kwalinsa, dala sittin. Na biyu wani ƙato mai kunne biyu da ƙarfe ta bisa kai, irin na masu aikin tangaraho, wanda in ka sa sai ka yi kama da jakin da aka ɗaura wa mangala. Na uku kuwa daga gwangwanin sardin ya zaro shi, ɗan fari, wayarsa siririya kamar zaren ɗinki. Dala goma.

Ladan ya ɗaga na farko ya ce, "Wanga shi ad daidai da akwatinka. Ƙasa guda anka yi su."

Na nuna na gwangwani. "Wannan fa?"

"Shina magana, ban ce bai yi ba. Amma ƙarhen da aka cusawa ya ɗan ɗara ramin naka kauri. Kawo in gwada maka."

Na riƙe rediyona gam. Na san halin ƴan kasuwa, a ganina: da ya gwada zai ɓata fuska ya ce bai yi ba, don in ɗauki mai tsada. Sai na yi masa lacca. Na ce duk a masana'anta ɗaya ake yin su, kwalin kawai mutum ke saye, na gani da idona a Kumasi. (Ban gani ba.) Har na ƙara da Faransanci don mutanen da suka taru su san ba da baƙauye ake ciniki ba.

Ladan ya naɗe mini abin a takarda ya ce, "To, ɗan Kumasi, kai kas san duniya. Ni ramukkan rediyo kaɗai nis sani."

A gida na gwada. Ƙarfen ya shiga rabi ya tsaya. Na danna da tafin hannu, na ji ƙas, ya shige. Nan take lasifika ta yi shiru, murya ta koma cikin kunnena, tas, kamar mai labarai na zaune a kafaɗata. Na ce wa matata Rabi ta zo ta ga yadda mai wayo ke kashe kuɗi. Ta dube ni, waya na reto daga kunnena, ta ce, "Awa wanda ya shige ɗaki da tuwo ya ja ƙyaure."

Kwana uku ina cikin jin daɗi. Maƙwabta suka zo da tabarmi, na ce rediyon na hutawa. Ko sau ɗaya ban gwada cire abin ba. Me zai sa in cire?

Ran Laraba sai ga saƙo daga Affala, garin su Rabi. Ƙanenta Ila ya shekara uku a Abijan, ba wasiƙa, sai dai wani ya dawo ya ce ya gan shi, wani ya ce ya ji yana ciwo. Yanzu wani ɗan cin rani ya iso da labari: mutumin gidan rediyo ya je masaukin ƴan ƙasarmu ta Adar a can Abijan da na'ura, ya ɗauki muryoyinsu suna gaida gida, Ila na ciki, za a sa ran Juma'a bayan la'asar. Rediyon da ke unguwarsu na mushen lakwal ne, malamin makaranta, shi kuwa ya tafi hutu. Don haka surukina ya ce a gaya mini in taimaka in zo da nawa.

Wanda bai san surukuta irin ta wancan zamani ba sai in ɗan yi masa bayani. Shekara huɗu da aurena, ban taɓa haɗa ido da mahaifin Rabi ba. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in yi gaisuwa da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Mahaifiyarta kuwa ta bayan darni muke gaisawa, gaisuwar ma ta bakin wani. Sunayensu ko a ɗakina ba na faɗa, in na gamu da mai irin sunan sai in ce "mai sunan Baba". Na ga ƙasashe inda suruki ke cin abinci kwano ɗaya da uban matarsa, suna ta hira. A Adar wanda ya yi haka sai a ce a binciki hankalinsa.

Ran Juma'a na sa kaftani da tabarau, na hau keke, rabin hanya ina tura shi cikin rairayi. Na tarar an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi a gindin aduwa. Maza sun cika wurin, Baba a tsakiya a kan buzunsa. Mata na bayan darni, ana jin motsinsu. An kifa turmi don a ɗora rediyo. Na yi gaisuwa kamar kullum, na rarrafa wurin turmin, na aza rediyon, na kama ƙarfen nan da yatsa biyu don in zare.

Bai zaru ba.

Na murɗa dama, na murɗa hagu. Na sa farce. Na naɗe shi da bakin kaftani na ja. Ko motsi. In kuwa yana ciki, lasifika ba ta magana, haka aka ƙera abin. Mai hankali a nan zai ce, jama'a, ga abin da ya faru, mutum ɗaya kaɗai zai iya ji, ku zaɓi wanda za a sa wa. Da akwai lokaci. Da an miƙa rediyon ta bisa darni, uwar ta ji ɗanta. Ni kuwa sai na cusa abin a kunnena na ce, "Bari in kamo tasha tukuna."

Na kamo tasha tun a murɗawar farko. Ana kiɗa. Ina jin kiɗan, ina zufa, hannuna na ƙasa yana kokawa da ƙarfe.

Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Har yanzu ba mu ji shi ba."

"Yana ɗumi ne, Baba," in ji ni. (Irin nawa ba ya ɗumi. Manyan na da ne ke yi.)

Na juya baya kamar mai neman iska, na sa haƙori. Ina cikin haka kiɗa ya tsaya, mai gabatarwa ya ce ga gaisuwar ƴan Adar mazauna Abijan. Mutum na farko ya yi magana, ɗan Tebaram. Na biyu ya yi. Ina ta ja. Sai na ji muryar da na sani.

Wayar ba ta kai kamu biyu ba. Tsakanina da Baba taku biyar ne, kuma ko da na kai, da wane hannu zan kama kunnen surukina in cusa masa abin da na fitar daga nawa? Kaina ya ɗaure. Sai na tsinci kaina a tsaye, rediyo a hannu, ina maimaita duk abin da ya faɗo mini a kunne. Abin da ban sani ba, wanda kowane yaro ya sani yau, shi ne mai toshe da kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. An ce har masu ɗiban ruwa a rijiya sun ji ni.

"Ni ne Ila ɗan Sumaila da Hajo, na Affala! Ina gaida Sumaila! Ina gaida Hajo! Hajo, ki bar kuka, lahiyata lau! Ina aiki wurin masu katako! Ina gaida Rabi, da mijinta, wanga marowaci mai cika baki!"

Sai da na kai ƙarshen maganar na gane wa ake nufi. Kafin in rufe baki, ɗan wani gari daban ya karɓi magana. Ila ya wuce. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Na zare abin daga kunne. Ina tsaye ƙerere a kan mutanen da suka haifi matata, da tabarau, na kira sunayensu tsirara sau biyu sau uku kamar mai kiran awaki. (Allah ya ji ƙansu, ko yanzu da nake rubuta sunayen hannuna na nauyi.)

Baba ya ja carbinsa ɗaya, biyu. Sannan ya ce wa na kusa da shi, "Ashe ya san sunana. Shekara huɗu ina tsammanin ba a hwaɗa mishi ba."

Bayan darni wata ta fashe da dariya, sauran suka bi, maza suka kama, wani tsoho har da tari. Na durƙushe. Na yi bayanin ƙarfe da rami, ba wanda ya saurara, sai wani da ya ce, "Ƙarshen dai gaskiya yaron yaf faɗi."

Sai wata murya ta fito daga bayan darni, a hankali, dariya ta ɗauke. Inna ce, mahaifiyar Rabi, kuma da ni take, kai tsaye, karo na farko tun da na shiga gidansu neman aure.

"Kai kaj ji shi. Muryar mai ƙoshi ce ko ta mai yunwa?"

A nan ne kunyar gaske ta kama ni. Ta kiran sunaye wasa ce. Matar nan shekara uku take jiran minti ɗaya, ni na cinye shi don in rage dala hamsin da ɗan pil.

Na ce, "Ta mai ƙoshi ce, Inna. Har dariya ya yi."

"Ina yay yi dariyar?"

"Inda ya ce mini marowaci."

Ta ce, "To, shi ne. Ɗana ne."

Washegari na kai wa Ladan rediyon. Ya sa ɗan awartaki, ya zare ƙarfen cikin ƙiftawar ido, ya ɗaga shi sama don maƙwabtan rumfarsa su gani. Ni kuwa ranar ban yi Faransanci ba.

Ban daina son araha ba, kada in yi ƙarya. Na sayi kaya masu araha a Kano da Tamanraset da Makka, wasu sun fi masu tsada ƙarko. Amma ba na biya sai an gwada a gaban mai rumfa, kuma ba shigar kawai ba, har fitar.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya a Affala. Duk zuwan da na yi, Inna sai ta aiko a kira ni bakin darni ta ce in sake faɗa mata. In faɗa a hankali, in tsallake sunaye, ta ce a'a, yadda ya faɗa, har ƙarshen. Haka muka yi ta yi har Ila ya dawo bayan damina biyu. Zuwa lokacin ta daina tsayawa bayan darni, ni ma na daina sunkuyar da kai. Kunyar surukuta ba ta ƙara dawowa tsakaninmu ba, har ta rasu, a kan tabarma ɗaya muke hira.