Ranar da Na Rufe Ɗana da Mayafi a Paris

Ba zan taɓa mantawa da hunturun shekarar da na ajiye aiki ba. Sanyin bai kai na wasu shekarun ba, amma wani hazo mai laima ya zauna mana a Vénissieux, garinmu da ke gefen Lyon a Faransa, ya ƙi tashi. In na leƙa ta taga daga saman benenmu ba na ganin ƙasa, sai dai in ji tiram, motar dogo ta cikin gari, tana wucewa a ƙarƙashin farin abu. Gwiwoyina sun hana ni komawa wurin wankin kayan asibiti inda na yi shekaru ina ninke zannuwan gado, maigidana Malam ya rasu, yara kowa ya kama gabansa. Gida ya yi tsit, har in firiji ya yi ajiyar zuciya sai na waiwaya. Ina faɗin wannan ne don a yi mini uzuri tun kafin a ji abin da na tafka.

Ɗana na fari makaɗi ne. (Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, mu a Damagaram, wato Zinder, ba mu faɗa, Babba nake ce masa.) Piyano yake kaɗawa, da wani ƙaton abu na katako mai kama da shi da suke kira orgi, irin kiɗan nan da ake ce wa jaz da bulus. Tun yana lakwal, wato makarantar boko, ya kama. Ya girma yana bin bayan mawaƙa, yau bikin aure a Vaulx-en-Velin, gobe gidan cin abinci, wata shekarar ma a cikin jirgin ruwa ya yi bazara. Sai a shekarar nan ya haɗa tasa ƙungiyar, shi ne shugaba. Duk tsawon lokacin ban taɓa zuwa na gan shi yana kiɗa ba. In mutanen gida suka tambaye ni a waya sai in ce yana koyar da yara, kuma ba ƙarya na yi ba, ran Laraba yana koyarwa.

To a hunturun nan rufin gidansa ya fara yoyo, sai ya kwaso kayan kiɗansa ya jibge mini a tsohon ɗakinsa. Da rana yakan zo ya rufe ƙofa, ya sa abin kunne don kada maƙwabta su yi magana. Ni ba na jin kiɗan, sai ƙwas-ƙwas ɗin yatsunsa. Wata rana ina tsinar shinkafa na ji wani abu bayan ƙwas-ƙwas ɗin: nishi. Ba nishin gajiya ba, wani gurnani ne daga can cikin maƙogwaro, yana hawa yana sauka. Na ajiye faranti. Na san wannan nishin, kuma mai shi ta daɗe a kabari.

A hannun Gwaggo Tasalla na tashi, ƙanwar babana, kuma 'yar bori ce. In mai garaya ya buga taken wadda take hawa kanta (ita ma ba zan faɗi sunanta ba), sai Gwaggo ta tuɓe takalmi, ta runtse ido, ta fara wannan nishin, daga nan ta yi tsalle ta faɗo da mazaunai. Aikina ina yarinya shi ne riƙe zane. Da ta fara sai in ruga in lulluɓe ta, in riƙe ƙugunta har ta yi atishawa, alamar abin ya sauka. Da na yi aure na bar wannan duka. Na shiga yaƙi da jahilci na koyi rubutun da kuke karantawa yanzu, na shiga makarantar matan aure na koyi addinina, ban taɓa ba 'ya'yana labarin Gwaggo ba. Amma tsofaffi suna cewa abin gado ne, in ya tsallake uwa yakan jira jika, kuma ruwan teku bai hana shi tafiya. Wannan maganar ce ta dawo ta zauna mini a ƙirji.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na dai fara tofa masa addu'a a shayi, yana sha yana cewa na Mama ya fi na kowa daɗi.

Ana nan sai ya zo ya durƙusa ya ce za su yi wasa a Paris ran Lahadi da la'asar, kuma a wurin za a naɗi faifansa na farko mai ɗauke da sunansa, a gaban jama'a. Ya ce yana son in zo. Ya ce babansa bai taɓa zuwa ba har ya tafi. Da ya faɗi haka ban iya cewa a'a ba. Ƙanwarsa Hajara ta ɗauke ni muka shiga jirgin ƙasa.

Ni na zaci babban zaure ne mai kujeru ja irin na tele. Ashe rami ne. Wata 'yar ƙofa muka shiga, muka yi ta sauka a kan matakalar dutse ina dafa bango, bangon yana zufa. A ƙasa ɗaki ne mai rufin baka, duk dutse, ba taga ko ɗaya, yana warin tsohuwar rijiya. Fitilu shuɗaye, wani hayaƙi mara ƙamshi yana rarrafe a ƙasa. Mutane sun cika, Turawa da baƙaƙe, tsofaffi ma da furfura, amma kowa raɗa yake kamar gidan makoki. Aka zaunar da mu a gaba. Hajara ta nuna mini wayoyi da mikro, abin ɗaukar murya, da aka baza ko'ina, ta roƙe ni ko tari ne in haɗiye shi, komai shiga faifan zai yi.

Da farko lafiya lau. Su huɗu ne, da mai ganguna, da mai busa, da wata doguwar mace mai rungume da goge wanda ya fi ta tsayi. Babba yana zaune gaban orginsa, in ya ɗaga gira wannan ya shiga, in ya gyaɗa kai wancan ya yi shiru. Na ce a raina ashe yaron nan da ba ya iya ninke bargonsa akwai masu jin maganarsa. Har na ɗan ji daɗi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: wani akwatin katako a gefensa, akwai abin da ke juyawa a cikinsa shi kaɗai, ba mai taɓa shi, yana huci kamar an kulle wani a ciki.

Can sai ya jawo mikro ya yi magana da Faransanci, mutane suka juyo suna kallona suna murmushi. Hajara ta ce, wai wannan naki ne, Mama. Aka rage wuta. Sai na ga ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe.

(An yi mini bayani daga baya cewa akwai sandunan da ake takawa a ƙarƙashin orgin, wasu makaɗan sun fi jinsu da safa. Daga baya ke nan.)

Ya ɗora hannu ɗaya. Sautin ya fito siriri, a hankali. Kafin ya kai ƙarshen layin farko tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Taken Gwaggo ne. Ba mai kama da shi ba, shi ne, har da ɗan tsayawar nan da mai garaya yake yi kamar yana jiran a amsa masa. Yaron da aka haifa a asibitin Lyon, wanda ko garaya bai taɓa gani ba. Mai ganguna ya ajiye sanduna ya koma bugu da tafin hannu, sak kiɗan ƙwarya. Abin cikin akwatin ya ƙara gudu. Babba ya runtse ido, kansa ya fara kaɗawa, bakinsa ya buɗe, nishin ya fito. Ya kai ƙarshen taken ya sake komawa farko, ya sake, ya sake, kowane zagaye ya fi na baya zafi. Na duba jama'a ko akwai wanda zai tashi, sai na ga su ma idanunsu a rufe suna rangaji. Na ce shi ke nan, duk ɗakin an gama da su.

Sai ya fara miƙewa daga kan kujera, yatsunsa na kan orgin, gwiwoyinsa na rawa. Na san abin da ke biye. Kuma ƙasan nan dutse ne.

Wallahi ban yi shawara ba. Matar da ke hutawa a kowace matakala, ban san lokacin da na haye dandamalin ba. Na warware mayafina na watsa masa a ka, na rungume ƙugunsa ta baya, na kafa baki a kunnensa na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tun da na haife shi bai taɓa fita daga bakina ba, na kira shi da ƙarfi har muryata ta fashe. Na kama Ayatul Kursiyyu, na katse a tsakiya na ce, "Ki sake shi. Ba naki ba ne. Ni na bar ku tun a Zinder, me kika biyo mu yi?"

Abin da ban lura ba shi ne mikro ɗinsa yana daidai bakina. Duk abin da na faɗa bangon dutsen nan ya maido mini da shi, ƙato, kamar wata ce take faɗa daga sama. Ga gwiwar hannuna ta danne farare da baƙaƙen madannan orgin gaba ɗaya, yana wani kuka mai tsawo. Sauran makaɗan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga hannuna, kukan ya yanke. Ba a jin komai sai abin cikin akwatin yana rage gudu.

Daga ƙarƙashin mayafin na ji wata 'yar murya ta ce, "Mama? Gobara ce?"

Mayafin nan ya sha turaren wuta, don sai da na turara shi kafin mu taso, shi kuwa tun yana jariri ba ya shiri da turare. Sai ya saki atishawa. Ni kuma, Allah ya shirye ni, na ce "Alhamdulillahi, ta sauka," shi ma a cikin mikro.

Wani daga baya ya fara tafi. Sai duk ɗakin ya ɗauka, har da masu fito. A lokacin ne idona ya buɗe na ga inda nake: tsohuwa da manto, kwat ɗin nan na hunturu, da safar sanyi, tsaye cikin shuɗiyar wuta, rungume da ƙato mai gemu da ya yi lulluɓi kamar amarya. Can gefe mai naɗar faifan ya ɗora hannu biyu a ka. Hajara ta zo ta janye ni, kanta a ƙasa, kafaɗunta na girgiza, ban san ko kuka take ko dariya ba. A kan matakala na ƙarasa wasan, fuskata a bango. Wata Baturiya mai kirki ta zo ta riƙe hannuna ta tambayi Hajara ko a kowane gari nake yin wannan, don za ta kawo ƙawayenta.

Sun sake buga waƙar daga farko saboda faifan, amma ko ni daga matakala na ji ba ta yi kamar ta ɗazu ba. Abin ya tafi.

Muka hau jirgin komawa Lyon, muka bar fitilun Paris a baya. Babba yana kallon gilashi. Na gwammace ya yi faɗa. Da na kasa haƙuri na ba shi haƙuri, sannan na tambaye shi wa ya koya masa wannan kiɗan. Ya juyo yana kallona kamar na tambaye shi wa ya haife shi.

"Ke mana, Mama. In kina guga. In kina wanke-wanke. Lokacin da na yi ƙyanda ma shi kike yi mini."

Na ce ban taɓa ba. Na rantse. Sai Hajara, ba ta ko ɗago daga wayarta ba, ta fara yin sa da hanci, daidai, har da ɗan tsayawar. Na ji sanyi ya ratsa manto ɗina. Shekara da shekaru ina gadin ƙofa kada abin ya shigo, ashe a bakina ya hau jirgi.

A nan na ba su labarin Gwaggo duka. Babba bai yi dariya ba. Ya ce abin da ya daɗe yana damunsa da waƙar shi ne ba ta da ƙarshe. Ya gwada duk dabarar da ya koya, ba ta yarda ta rufu, shi ya sa yake ta zagayawa har ya rasa inda yake. Ya ce wani lokacin mai ganguna ne yake tsayar da shi.

Nan na gane. Taken kashi biyu ne, akwai kira akwai sallama. Ni kiran kaɗai ya maƙale mini, don lokacin sallama hankalina yana kan zane. Ko iska ce ko ba iska ba, wannan na bar wa Allah. Abin da na koya dai shi ne, kafin uwa ta hau dandamali ta kori abin da ya kama ɗanta, ta fara binciken abin da take yi da hanci a kicin.

A gidana ya kwana. Da safe bayan na yi salla na zauna a kan darduma ina lalube a kaina, har muryar mai garayar nan ta dawo mini guntu-guntu. Na dama koko, na buɗe tagar tsohon ɗakinsa duk da sanyin, na tashe shi na ce ya zauna gaban ƙaramin piyanonsa, ban da abin kunne. Na yi bisimilla, na nemi gafarar Allah, na rera masa sallamar. Ya bi ni da yatsa ɗaya, ya kuskure, na gyara masa, ya sake. Da ya kai ƙarshe sautin ya sauka ya kwanta da kansa, ya ɗaga hannu.

Na ce masa daga yau duk ramin da ya shiga ya kira, ya tabbata ya sallama kafin ya fito. Sannan na ce ya sa takalminsa ya zo ya sha koko.