Hamdalar da Na Yi a Gidan Caca

Allah ya yafe mini. A shekarun 1980 ni da aminina Isufu muka je birnin Lyon sarin yadi, muka ɓige a gidan caca. Na ce masa, "Na gano dabara. Mai jefa ƙwayar lido faɗuwa yake yi, kan faɗuwarsa zan zuba kuɗina."

Sai layin jifa ya zo kan Isufu. Ya jefa, jarinsa kaf ya tafi. Ni kuwa na ci, na daka tsalle na ce, "Alhamdulillahi!"

Ya dube ni ya ce, "Na gode, ɗan'uwa." Tun ranar bai sake cin abinci da ni ba.

Labari ya bazu. Har yau a unguwarmu ta Belleville duk mai shirin tafiya sai ya ce, "Alhaji, don Allah kar ka sa ni a addu'a."