Injin Zaituna Ya Cije

A soron wani gida kusa da Ƙofar Ɗan Agundi Zaituna take markaɗe tun rasuwar mijinta, da shi take riƙe marayunta. Ran nan da hantsi injin ya cije da gyaɗar mutane a cikinsa, kafin ta gama salati kuma aka ɗauke wuta. Tana naɗe hannun riga sai ga Ilu, ɗan goggonta kuma abokin wasanta, wanda injin wani kamfani ya taɓa cinye wa yatsu biyu, aka sallame shi.

"Sannu da aiki, ya yaran? A'a, baiwata, me kike nema a bakin inji? Haƙoranki ne suka zuba ciki?"

"Ka ji ɗan mace da bakin tsiya! Wa ya kwance ka da hantsin nan? Matsa min, wani abu ne ya maƙale zan zaro."

"Da wane hannun?"

"Da nawa mana, mai yatsu biyar cif. Ko aron naka za ka ba ni, mai kama da cokali mai yatsu?"

"Zare wayar nan daga soket tukuna."

"Makaho ne kai? Babu wuta! Gyaɗar Hajiya Uwani ce, gobe suna. Ta rantse in azahar ta yi ban gama ba, ita da duk matan layinsu sun bar ni ke nan. Kai za ka ciyar min da 'ya'ya? Kai da ko akuya aka ba ka kiwo sai ta kai ƙararka wajen mai unguwa?"

"Masu wutar nan sallama suke yi miki kafin su kawo? Dubi makunnin, a kunne kika bar shi. Wannan injin ba ya jiran izini, da ya ji wuta tashi yake da kansa."

"Oho dai. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zura da gudu."

"Gudun ya fi miki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle buhun gyaɗa. Dama can ba kyau gare ki ba, a ƙara miki da dungu, wa zai kwasa?"

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, malam."

"Haka manaja ya ce min," in ji Ilu, wannan karon ba dariya a muryarsa. "Ya zo asibiti da lemo a leda, ya ce ƙaddara ce. Ban gama jinya ba suka sa wani a kan injin. Yanzu ko maɓallin riga sai Fatima ta ɓalla min, 'yar da na haifa."

Zaituna ta dubi hannunsa. Ilu ya ture ta da kafaɗa, ya kashe makunnin, ya fizge wayar ya rataya a ƙusa.

"Miƙo muciya, uwar taurin kai."

"Tuwo za ka tuƙa mana?"

"Muciya in ta karye, a kasuwar Kurmi ana sayar da wata. Je ki ki tambayo min layin masu sayar da yatsu."

Ya murza bel ɗin baya a hankali, ya zura muciyar yana zungura. Can sai ga wani lanƙwasasshen cokali ya fito. Bai kai ga ajiye shi ba ƙwan soron ya haska, injin walda na maƙwabta ya ɗauki ƙara. Injin Zaituna kuwa ko motsi.

Ta dubi wayar da ke lilo a ƙusa, ta dubi hannunta. Sai ta nemi turmi ta zauna.

"Ya, baiwata, tsumma ne ko maciji?"

"Rufe min baki."

"Ni ranar tawa ba a samu ko mutum ɗaya da zai zo ya zage ni ba."

Ta daɗe tana goge ido da gefen mayafi, sannan ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ta jawo kwanon ƙuli-ƙuli ta juye masa a aljihun riga da kanta.

"Na sallama, yau kai ne ubangida. Amma gobe da sassafe ka zo ka share min soro."