Yadda Ake Busar da Goron Ɗaurin Aure Tsakanin Adjamé da Madawa

Kai ma kana wurin, kada ka ce ba ka nan. Ranar da aka zagaya da hotunan nan a majalisar bayan masallaci a Adjamé Liberté, nan Abijan, ka karɓa, ka ga Abdulmutallib ya riƙe ƙugu a bakin tafkin kadoji, ka yi dariya, ka miƙa wa na kusa da kai. A bayansa cikin hoton akwai mota, a kan motar akwai huhun goro, rana tana dukansa. Ka gani sarai, ka kau da kai, ka tambayi inda aka sayi tabarau.

To, tunda abin ya burge ka, ga hanyar na rubuta maka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin za ka ga ƙasa uku, ka dawo da hotuna cikin ambulan, kuma danginka ba za su ƙara ɗora maka wata amana ba har ka yi furfura. An gwada a bana, shekarar 1982, kuma ya yi.

Mataki na 1: Ka samo aure mai nisa

Auren Treichville ba shi da amfani. Ka hau jirgin ruwa ka ƙetare, ka ci shinkafa, kafin la'asar ka dawo gida. Me ka gani? Nemi auren da sai an ƙetare iyaka biyu, don a buro, wato ofis, ba a hana mutum hutu in ya ce bikin dangi za shi.

Dubi sa'ar Abdulmutallib. Ubansa, Alhaji Nomau, ɗan goro ne, shekara talatin yana da shago a bayan babbar tashar Adjamé. Ƙanen Alhaji ya rasu tuntuni a Madawa, can Nijar, ya bar ɗa guda, Haruna, tela. Da Haruna ya tashi aure, Alhaji ya aika masa cewa kada ya sayi ko ƙwayar goro ɗaya, goron ɗaurin aurensa daga hannun baffansa zai fito. Wata shida Haruna yana maimaita wannan magana a gidan surukansa, domin maraya ne, kuma ita ce shaidarsa ta cewa yana da uba a duniya.

Alhaji ya tafi Anyama da kansa ya zaɓo marsa, manya-manya, fari da ja, ya tsince su ɗaya-ɗaya ya ɗaure huhu. Sai ƙafa ta kumbura masa, likita ya hana shi doguwar tafiya. Ya duba gidansa, ba namiji babba sai Abdulmutallib, mai aikin rubutu a wani buro a unguwar Plateau, wanda rabonsa da shiga shagon goro tun yana ajin firamare.

Mataki na 2: Ka saurari tsohonka da kunne ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, ka natsu.

Fita, ga wanda bai sani ba, ganye ne mai faɗi da ake shimfiɗa wa goro a lulluɓe shi. Shi ke riƙe masa danshi. In ya fara bushewa sai a cire a sa sabo, in ba haka ba goro ya yanƙwane, ƙwaro ya shige shi. Duk ɗan dakon da ke tashar Adjamé ya san wannan. Kai ka tabbata ba ka sani ba. Kai ɗan lakwal ne, ka yi makarantar boko, ka san sunayen kogunan Faransa.

Ranar tafiya da hantsi Alhaji ya kira ɗansa, ya dafa huhun, ya ce, "Kwana huɗu ya ishe ku, amma na ba ku tara saboda halin hanya. Duk garin da kuka kwana, ka sake fita. Ko ka gaji, kada ka yi ƙyuya, ka sake fita."

Abdulmutallib ya ji daɗi har cikin ransa. Tun yana yaro tsohon nan ke hana shi yawo, yau ga shi da bakinsa yana cewa a fita, a kuma sake fita. Ya ce a ransa lallai ciwo na sa mutum ya waye.

"Wi, Baba," in ji shi da Faransanci. "Ba garin da zan tsallake."

Alhaji ya sa masa albarka, ya miƙa masa wani ƙunshi na sabon ganye mai sanyi. Kada ka tambayi na mene ne. Tambaya ta marasa takarda ce.

In kana da ƙanwa irin Zuwaira, wadda ke taya tsoho tsintar goro tun tana ƙarama, za ta biyo ka bakin mota ta ce, "Yaya, ka dai san fita ko?" Ka amsa mata yadda ya amsa: "Ke da ba ki taɓa wuce Abobo ba, ni za ki koya wa fita?" Abokai za su yi dariya, ita kuma za ta koma ciki.

Mataki na 3: Ka zaɓi abokai masu amfani

Biyu sun isa, mai mota da mai kyamara. Ɗan Azumi makanike ne a Treichville, yana da tsohuwar Fijo da ya haɗa da hannunsa. Ibrahimu kuwa yana da kyamara, kuma ya yi imani duk abin da ba a ɗauka a hoto ba bai faru ba. Ba ɗayansu da ya san Haruna, kuma hakan ya fi, don wanda ya san ango yakan riƙa duba agogo.

Wajen loda kaya za a yi gardama. But ɗin mota akwai inuwa, amma nan ne wurin akwatin kwat, da takalman biki, da rediyo mai kaset. Kwat ba ya son rana. Huhu kuwa daga daji ya fito, ya saba. A ɗaure shi a sama.

Mataki na 4: Kada ka bi hanya miƙe

Miƙaƙƙiyar hanya ta direbobin manyan motoci ce, su da ba su da al'adar kallo. Kai ka shimfiɗa taswira a kan mota ka zagaye duk abin da ka taɓa gani a littafin aji.

A Yamusukuro sun kwana don su ga ana ciyar da kadoji da yamma. Da safe Ɗan Azumi ya ce a kama hanya, Abdulmutallib ya tuna masa da umarnin Baba, suka sake fita, suka je kallon madatsar ruwa ta Kosu. A Buwake kasuwa ta ci musu yini. Da suka shiga Volta, wani ya ba su labarin ruwan da ke zubowa daga dutse a kusa da Banfora, suka ajiye mota a fili tun hantsi har la'asar, suka yi wanka, Ibrahimu ya ƙarar da fim guda. A Bobo kwana biyu, saboda tsohon masallaci da kuma wasu makaɗa. Duk lokacin da gajiya ta kama shi, Abdulmutallib yakan tuna fuskar tsohonsa, ya miƙe ya ɗaura takalmi. Bai taɓa yi wa uba biyayya irin ta wannan tafiya ba.

Ƙunshin ganyen nan fa? Ba za ka bar shi ya lalace ba. A bakin hanya za ku sayi acheke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi, ba faranti, sai wani ya tuna Alhaji ya ba da ganye. Za ku yaba hangen nesan tsofaffi. Kafin ku bar Buwake ya ƙare.

Mataki na 5: In jandarma ya ce goro, ka ba shi goro

A wani shinge, ba sai na faɗi ko na wace ƙasa ba, mai kaki ya leƙo ya ce ina goronsa. Duk wanda ya taɓa hawa mota ya san abin da ake nufi. Abdulmutallib ya ga dama ta samu ya nuna shi ma ya iya Hausa. Ya hau kan mota da wuƙar Ɗan Azumi, ya farka gefen huhu, ya cika wa mutumin hannu. Mai kaki ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga sanda suka wuce.

Kada ka ɗinke inda ka farka. Iska tana da kyau ga kowane abu mai rai.

Mataki na 6: Ka isa daidai lokacin da aka gaji da jiranka

Ba a gaggawa a Yamai, akwai gidan tarihi, akwai gada. Ka yi lissafi yadda za ka shiga Madawa ranar ɗaurin aure da hantsi, an riga an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, ango yana ta zarya tsakanin ƙofar gida da bakin titi.

Haka suka yi. Haruna ya rungume ɗan baffansa, bai ma tambayi dalilin jinkiri ba. Ya sa aka sauke huhun aka kai tsakiyar taro, don yana so a kwance shi a gaban kowa. Waliyyin amarya, Malam Abdurrashid, tsoho ne da ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa, ya kuma san Alhaji Nomau. Ya ce a bar masa, goron Nomau ba a ba yara su kwance.

Tun da ya taɓa ganyen ya ji yana karyewa a hannunsa kamar takarda, ya daina murmushi. Ya ɗauki goro ɗaya, ya yanƙwane kamar fatar gwiwa. Ya ɓara wani, cikinsa baƙi, ƙwaro ya yi gida. Ya tura hannu har ƙasan huhun yana neman na kirki, mutane suna kallon hannun. Da ya fito da shi sai ya kaɗe, ya dubi baƙon Abijan mai kwat.

"Yaro, Nomau bai ce maka ka riƙa sake fita ba?"

Abdulmutallib ya ji an taɓa shi inda yake da gaskiya. Ya gyara tsayuwa.

"Wallahi, Baba, ba garin da ba mu sake fita ba. Bobo ma sau huɗu. Ga Ibrahimu, akwai hotuna."

Wani a bayan taro ya fara dariya, ya mai da ita tari. Malam Abdurrashid bai yi dariya ba. Ya juya wajen Haruna ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, a aika tasha wurin masu tebur a samo abin da ya samu, kada a tsai da liman.

An ɗaura aure. Goron tasha ƙanana ne, bai kuma isa ba, sai ɓarawa aka yi ana ba mutum biyu ƙwaya ɗaya. Haruna ya zauna kansa a ƙasa har aka shafa fatiha. Wata shida yana cewa yana da uba a Abijan, kuma abin da garin ya gani ke nan. An ce har yau in ya wuce majalisar surukansa akan sami mai tambayarsa ko ya sake fita.

Kai dai ka ci tuwon biki. Ka ɗauki hoto da ango. In bai yi murmushi ba, ka ce mutanen ƙauye ba su saba da kyamara ba.

Mataki na 7: Ka dawo da tsaraba

Labari zai riga ka zuwa, direbobin tashar Adjamé sun fi gidan waya sauri. Duk da haka ka je shago da ambulan ɗinka.

Abdulmutallib ya sami tsohonsa zaune da ƙafa a kan buhu, Zuwaira tana gefe tana tsintar goro. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya karɓi hotunan yana dubawa ɗaya-ɗaya, kada, madatsa, masallaci. Da ya zo kan wanda samari uku ke zaune a bakin hanya, kowa da acheke a kan koren ganye, sai ya tsaya. Ya daɗe a kansa. Sannan ya miƙa hannu ya zaro ganye ɗaya daga huhun da ke kusa da shi.

"Mene ne sunan wannan?"

"Ganye ne, Baba."

Alhaji ya kama hannun ɗansa, ya buɗe tafin, ya ɗora masa.

"Fita ke nan. Ita ta kai ka lakwal."

Ya koma kan tsintarsa. Abdulmutallib ya tsaya da ganye a hannu, yana jin maganar ranar tafiya tana dawo masa kalma-kalma. Zuwaira ba ta ɗago kai ba.

Gargaɗi

Mai wannan takarda ba shi da alhakin duk goron da ya bushe, ko angon da ya kasa haɗa ido da surukansa, ko uban da ya daina zuwa majalisa saboda kada a yi masa jaje. Wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa. Kada kuma wani ya zo mini da cewa Abdulmutallib ne kaɗai wawa. Rabinmu da aka haifa tsakanin Adjamé da Treichville da mun amsa "wi, Baba" kamar yadda ya amsa. Iyayenmu kuwa sun fi son su nuna mu da kwat a Plateau da su zaunar da mu yini ɗaya a shago, sannan su ɗora mana amana da kalmomin da ba su taɓa koya mana ba. Ku iyaye, kun ga haka shekara da shekaru, kun ce yara ne, za su koya. A wurin wa?

Ka ajiye hotunan nan. Gobe da safe, kafin ka hau bas, ka biya ta shagon tsohonka, ka ɗauki abu ɗaya da hannunsa ke taɓawa kullum, ka tambaye shi sunansa. Kai kuma Alhaji, in ya tambaya kada ka ce masa ya je zai makara a buro. Ka matsa masa a kan buhu ya zauna, ka faɗa masa da Hausa.