Kawu Na-Faɗa da Katunan 'Yan Kallo

"Ni a dangin nan," in ji Na-Faɗa, yana buga ƙirji har maɓallin rigarsa ya yi tsalle ya faɗa cikin kofina, "ko tari na yi sai mutum goma sun rugo da ruwa. Ranar da zan mutu, Malam, sai an kira motar asibiti ta kwashi masu suma."

Na tsamo maɓallin da cokali, na goge shi, na miƙa masa.

Bari in gabatar maka da shi, abokina. Na-Faɗa ƙanin matata ne, Allah ya jiƙanta. Ita ce kaɗai ta iya sa shi ya yi shiru, kuma tun da ta tafi ba a sami magaji ba. Sunan nan bakinsa ne ya jawo masa. In an yi ruwa, ya ce, "Ai na faɗa." In ba a yi ba, ya ce, "Ai na faɗa." Ranar da tayar motarsa ta cire ta wuce shi a guje a kan titi, leƙowa ya yi ta taga ya daka mata tsawa: "Na faɗa!"

To, babban yayansu ya rasu, ya bar wata koriyar kujera a falon gidan gado. Wanda ya zauna a kanta shi ke riƙe mabuɗin gida, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a taron dangi. An sa ranar zaɓen wanda zai gaje ta. Na-Faɗa yana son kujerar nan har in ya wuce ta sai ya shafa mata hannu kamar tunkiya.

"Na sayo fim," ya ce da ni. "Labarin wani kawu ne da danginsa. In ka ga yadda suke durƙusa masa, suna kawo masa shayi, suna shimfiɗa masa bargo, sai ka yi hawaye. Zan haska wa mutanen gidan nan su ga yadda ake riƙe babba."

"Ka kalle shi duka?"

"Minti goma na farko."

"Sauran fa?"

"Malam, mutum irina ba ya jiran ƙarshen fim. Fim ne ke jiran ra'ayina."

Bai tsaya nan ba. Ya ji ana cewa a manyan gidajen kallo akan raba wa mutane kati su rubuta ra'ayinsu. Sai ya yayyanka kwalin sabulu, ya sa na rubuta tambaya uku a kowane: Me ya fi burge ka? Me ya kamata a gyara? Wane darasi ka koya game da kawu? Ba a sa suna, don kowa ya saki jiki ya yabe shi ba tare da kunya ba. Ni aka ɗora wa ƙidaya, saboda a makarantar mishan malaminmu Fada, limamin coci, ya koya mana mu ƙirga abu sau biyu, in lissafin ya zo daidai mu sake ƙirgawa don zargi.

Ranar Asabar da ƙarfe uku na rana aka toshe tagogi da zannuwan gado, aka kafa majigi a kan tebur. Mu ashirin da ɗaya ne. Ga matarsa, ga ƙanwarsa tela, ga ɗan yayansa makanike, ga 'yar yayansa nas, ga sauran jama'a. A gaba kuma ga Inna, mahaifiyarsu, mai shekara casa'in, da sandarta a kan cinya.

Minti goma na farko sun tafi yadda ya faɗa. Kawun fim, wani siriri kamar tsinken tsintsiya, yana zaune dangi suna durƙusa masa. Na-Faɗa yana waige-waige yana cewa, "Ku duba gwiwa! Ku duba yadda ta taɓa ƙasa!"

A minti na goma sha ɗaya, na duba agogona, mai kawo shayin ta juya baya ta zuba wani farin gari a kofin.

"Sukari ne," in ji Na-Faɗa.

Ba sukari ba ne. Sai dai kawun bai sha ba, ya zuba wa tukunyar fure, furen ya sunkuya nan take. Falo ya ɗauki dariya. Daga nan dangin suka yanke masa birkin mota, motar ta ƙi tashi. Suka shafa sabulu a matakala, likitan da aka kira ne ya zame. Kowa a dangin cikin fim ɗin yana da tsohon ciwo a rai: kawun ya hana wannan karatu, ya tsinka wancan a gaban surukai. A ƙarshe agogon bango ya faɗo masa a ka yana tsakiyar yi masu wa'azi a kan ladabi. Sauran fim ɗin duk wahalar gawa ce. Sun naɗe ta a bargo ƙafafu sun leƙo, sun tura ta a kabad ta faɗo kan baƙi.

Abokina, na yi shekara arba'in da shida ina shiga gidan nan, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Makanike ya faɗo daga benci. Nas tana kuka tana bugun bango. Da agogon ya faɗo, wani a baya ya yi tafi, sauran suka taya shi. Na tuna matata, na ce ina ma tana nan.

Da aka yaye zannuwa, Na-Faɗa ya miƙe yana share gumi.

"Dariyar baƙin ciki ce," ya ce. "Masana sun san ta. Zuciya in ta cika da tausayi, ta baki take fita. A raba kati!"

Inna ta ƙi karɓa, ta ce ita bakinta bai mutu ba. Na raba ashirin. Da na buɗe akwati na ƙirga sau uku, ashirin da biyu na samu. Na ja shi gefe na ce ya bari mu karanta mu biyu. Ya ce ina, yabo ba a ɓoye shi, a karanta a gaban kowa, da ƙarfi.

Na gyara tabarau. Na farko nawa ne, na rubuta cewa allon ya karkace hagu da kamar inci biyu. Ba wanda ya kula.

Na biyu ya ce: "Wurin birkin nan ƙarya ne, ba wannan wayar ake yankewa ba. Kuma motar da ta shekara ashirin, mai ita ya ƙi sauya taya don rowa, ba ta buƙatar taimakon kowa. Haƙuri kawai za a yi."

"Motar fim ɗin sabuwa ce," in ji Na-Faɗa a hankali.

Makanike ya duƙufa yana nazarin farcensa.

Na uku: "Shayi kuskure ne. Mutumin da ke kurɓar shayin kowa kafin ya sha nasa, sai ya ja mutane da yawa. Gara ƙwayar hawan jinin da yake sha ƙarfe bakwai ba ya duba kwalba."

"Wa ya ce kawun fim yana da hawan jini?"

"Ai daga ganin idonsa, Kawu," in ji nas.

Na huɗu: "Bargon ya yi kaɗan, abin kunya. Mai ƙugu inci arba'in da takwas yadi biyar yake ci, a bar rabin yadi na ɗauri."

Kowa ya tuna kawun fim, tsinken tsintsiya. Sa'an nan idanu suka gangaro kan tumbin Na-Faɗa. Ya ja numfashi ya tsuke shi, wani maɓallin ya sake tashi.

"Arba'in da shida ne!" ya yi wa tela ihu.

"Bara ke nan, Yaya."

Na biyar gajere ne, da rubutu mai tsabta. A ƙarƙashin abin da ya fi burgewa an sa: "Bayan ya mutu gidan ya yi shiru." A ƙarƙashin gyara an sa: "A tsawaita wurin." Matarsa tana ta ninke zanen gado, tana daidaita bakinsa da kyau.

"Akwai masu hankali a gidan nan!" in ji Na-Faɗa, ya fizge katunan ya zaro uku. "Saurara! 'Kawu haske ne, an zalunce shi.' Ga wani: 'Kawu haske ne, an zalunce shi.' Ga na uku ma!"

Da na yi shiru da ya fi, amma tarbiyyar Fada ba ta barin mutum. Na ce katunan sun yi rarar biyu, ukun nan duk da koren biro aka rubuta su, kuma koren biro ɗaya ne a falon, ga shi can yana yoyo a aljihun rigarsa.

Mako guda Na-Faɗa bai sha shayi a gidansa ba. Ya jingine mota ya koma tafiya a ƙasa, yana bin tsakiyar titi don kada wani abu ya faɗo daga bene. Ya sauke duk agogon bangon gidansa. Ƙwayarsa kuwa sai ya kawo mini in karanta masa kwalbar sau uku. Amma kujera, ya ce ko gawarsa ce sai ta zauna a kai.

Ranar zaɓe aka taru a falon. Na tanadi takardun ƙuri'a, ba a ma taɓa su ba. Tela ta miƙe ta ce dangi sun daidaita, Yaya suke so. Aka ɗaga hannu, na ƙirga ashirin cif, har da sandar Inna.

"Ai na faɗa!" in ji Na-Faɗa, ya baje a koriyar kujera, ya rungume mabuɗi. Ƙarfe huɗu daidai.

Sai dangi suka taso ɗaya bayan ɗaya suna durƙusa masa, gwiwa har ƙasa, yadda ya koya masu. Murmushinsa ya fara yin tsami. Makanike ya ce, "Kawu, kawo mabuɗin mota in duba maka birki, kyauta." Nas ta ce daga yau ita za ta riƙa jera masa ƙwayoyinsa. Tela ta warware wani sabon bargo mai laushi, ta lulluɓe masa ƙafafu, ya rufe shi ruf har da saura. Matarsa ta shigo da shayi a faranti, tana juya cokali a hankali, tana murmushin da rabon a gan shi tun ranar aurensu.

Na-Faɗa ya dubi kofin. Ya ɗaga kai sama. Agogon marigayi Yaya yana rataye daidai saitin kansa.

Ban san mai ƙugu arba'in da takwas yana iya tsalle haka ba. Ya yi wurgi da mabuɗi, ya ce ya sauka, ya yafe, a ba kowa, a ba kyanwa ma in tana so. Bargon ya harɗe masa ƙafa, ya mirgina sau biyu, ya tsaya a bakin ƙofa a naɗe tsaf, ba abin da ya leƙo. Tela ta ce, "Kun gani? Yadi biyar." Mulkinsa minti goma sha ɗaya ya yi, na rubuta a littafin taro.

Inna ta dogara sanda ta taso, ta zauna a kujerar, ta sa mabuɗi a aljihu. Ta ɗauki shayin ta shanye tas, ta ce sukari ya yi kaɗan.

"Inna!" in ji murya daga cikin bargo. "Kashe ni za su yi!"

"Rufe mana baki, sakarai," ta ce. "Ba mai kashe ka. Mun zauna mun tattauna, an rasa mai ɗaukar gawarka."